Yadda Za Ka Auna Littafin Tarihi da Wanda Ya Yaba Maka Shi

A Sakkwato, in dai littafin tarihi ne, ba ka rasa mai yanke maka hukuncinsa tun ba ka buɗe bango ba. Wannan ya ce ka saya ko da bashi, wancan ya ce ƙaryar Nasara ce zalla, na uku kuma bai karanta ba amma ya fi su duka ɗaga murya. Na koyar da tarihi a makarantun sakandare har na yi ritaya, kuma har gobe tsofaffin ɗalibaina in sun gamu da ni sai sun tambaya: "Malam, wanga littafi ana iya dogara da shi?" Ga hanyar da nake bi, musamman a kan iri ukun da aka fi yin musu a kansu a majalisa: na yaƙi, na teku, da na rayuwar manyan mutane.

Fara da mai ra'ayin

Kafin ka taɓa littafin, ka ɗan taɓa wanda ya yabe shi ko ya kushe shi. Malaman hadisi sun riga sun share mana wannan hanya, domin ba su karɓar zance sai sun san wanda ya faɗa da kuma inda ya jiyo. Tambaya ta farko mai sauƙi ce: wane babi ya fi burge ka? Wanda ya karanta zai kama labari nan take, har ka gaji. Wanda ya ji a bakin wani sai ya ce "ai duka littafin ne". In ka ji haka, ka yi masa godiya ku shiga wata hira.

Ta biyu, ka tambaye shi me ya karanta a kan batun kafin wannan. Mutumin da littafinsa na farko ke nan a kan jihadi zai ga komai sabo ne, komai abin mamaki. Yabonsa na gaskiya ne, amma jihadin yake yabo, bai da abin da zai gwada marubucin da shi. Sannan ka lura da abin da ya haɗa shi da mutanen da ke cikin labarin. A garin nan da wuya ka sami gida babba da ba shi da kaka a cikin waɗannan shafuka. Jikan mai tuta da jikan Bagobiri za su karanta babi guda a kan faɗuwar Alƙalawa a 1808, ɗaya ya rufe littafin yana murmushi, ɗaya yana tsaki. Kowanensu ya gaya maka wani abu mai amfani, muddin ka san daga wane gida yake magana.

Abu na ƙarshe a nan, ka raba "ya yi daɗi" da "gaskiya ne". Yawancin ra'ayin da za ka ji na farkon ne aka yi masa rawanin na biyu.

Littafin yaƙi

Nan zan daɗe, don nan ne aka fi ruɗin mai karatu.

Ka fara neman inda marubucin yake tsaye ranar da aka gwabza. Mafi yawan abin da muka sani game da yaƙe-yaƙen 1804 zuwa 1808 daga alƙalamin waɗanda suka yi yaƙin ya fito. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, baffansa Malam Abdullahi na Gwandu ya tara waƙoƙinsa da sharhinsu a Tazyinul Waraƙati a 1813. Sun ga abin da idonsu, sun ja rundunoni, sun binne 'yan'uwansu. Wannan babbar daraja ce ga littattafan, kuma ita ce iyakarsu, tun da gefe guda ne na filin daga. Gobirawan Sarkin Gobir Yunfa ba su bar mana littafi makamancin waɗannan ba. Nasu labarin yana bakin dattawa da makaɗan fada a Sabon Birni da Tsibiri. Don haka in littafin zamani ya zo hannunka, duba ko marubucin ya taka ya je can ya ji, ko kuwa Infaƙu kawai ya juya zuwa Turanci ya sa sunansa.

Akwai alamar marubucin kirki da nake nuna wa ɗalibai a cikin Infaƙu kansa. Bello ya kawo wasiƙun Shehu Laminu na Barno, mutumin da yake tuhumarsu da yaƙar Musulmi 'yan'uwansu, ya bar hujjar abokin gaba ta tsaya da ƙafafunta kafin ya ba ta amsa. Haka kuma bai ɓoye ranakun da aka sha kashi ba. Yadda ya ba da labarin nasarar Tabkin Kwatto a watan Yuni na 1804, haka ya ba da na Tsuntsuwa a ƙarshen shekarar, inda aka rasa mutum wajen 2000, cikinsu mahaddata Alƙur'ani wajen 200, da na Alwasa a 1805. To ka ɗauki wannan ma'auni ka aza wa kowane littafin yaƙi. Ka je fihirisa, ka nemo yaƙin da mutanen marubucin suka sha wuya, ka karanta shi kafin ka karanta na nasara. In shafi goma aka ba nasara aka ba asara layi biyu, ka san da wanda kake tare.

Sai maganar lissafi. Adadin mayaƙa shi ne abin da ya fi saurin kumbura a littafin yaƙi, kuma na abokin gaba ya fi kumbura, domin yawan maƙiyi shi ke ƙara wa nasara kwarjini. Wani abokina tsohon soja, wanda ya yi yaƙin basasa yana saurayi, shi ya fi kowa iya kama wannan. In aka karanta masa cewa sarki kaza ya fito da dawaki dubu kaza, sai ya sa a kawo taswira, ya ɗora yatsa a kan hanyar, ya bi ta a hankali gari bayan gari, sannan ya ɗago kai ya ce, "Malam, to mi dawakin suka ci? Ina suka sha ruwa?" Ba ya ƙara komai. Tambayar nan tana rushe littattafai da yawa. Doki ɗaya mai ɗauke da ɗan lifidi yana bukatar hatsi da harawa da ruwa kullum, ga mai kula da shi. In marubuci ya ce an yi tafiyar a tsakiyar bazara, ta ƙasar da rijiyoyinta ke ƙafewa, ka tambayi kanka yadda aka yi. Littafin da ya san aikinsa zai gaya maka cewa yunwa na cikin abin da ya tura jama'ar Shehu Usmanu zuwa Zamfara a 1805, kafin su zauna Gwandu. Wanda bai san aikinsa ba sai takubba da kabbara kawai.

Rahoton Turawa ma haka za ka yi masa, har da ƙari. Ranar 15 ga Maris, 1903, aka yi karon Giginya a bayan ganuwar garin nan. Rundunar Kanar Morland ba ta kai soja 1000 ba, kuma hafsoshin ne Turawa, sojojin 'yan ƙasa ne. Abin da ya raba gardama igwa ce da bindigar Maxim, faɗan bai ci rabin yini ba. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, wanda bai fi wata biyar da hawa gado ba, ya yi gabas da jama'a, har aka kashe shi a Burmi ranar 27 ga Yuli. To wanda ya rubuta rahoton wannan tafiya hafsa ne mai neman ƙarin girma, yana rubuta wa Lugga, gwamnan Turawa na Arewa, shi kuma Lugga yana rubuta wa ofishin mulkin mallaka a Landan, inda ba kowa ne ya so a yi yaƙin ba. Kowanensu yana da abin da yake son ya wanke. Akwai wata wasiƙa da aka ce Sarkin Musulmi Abdurrahman ya aika a 1902, mai cewa babu abin da ke tsakani sai yaƙi, wadda Lugga ya riƙe hujja. D.J.M. Muffett, shi ma tsohon jami'in mulkin mallaka ne, ya yi tababa a kanta a littafinsa na 1964, domin fassarar Turanci ake da ita, ba a ga asalinta na Larabci ba. Duk littafin da ya kawo maka wasiƙar nan ba tare da ya ambaci wannan tababa ba, marubucinsa ko bai bincika ba ko ya ɓoye maka.

Ka gwada shi kuma da Satiru. A watan Fabrairu na 1906 mutanen wannan ƙauye na kudu da Sakkwato suka kashe Turawa uku da sojoji 25. A watan Maris aka koma aka shafe garin, aka kashe mutum wajen 2000, kuma da hannun sarakunanmu a cikin tafiyar. Babi ne mai ɗaci ga kowane ɓangare, shi ya sa wasu littattafan ke tsallake shi da tsalle guda. Yadda marubuci ya riƙe Satiru ya ishe ni sanin ko zan ci gaba da shi.

Tunanin tsofaffin janar-janar kuwa, kada ka taɓa karanta ɗaya shi kaɗai. Littafin da Obasanjo ya fitar a 1980 a kan yaƙin basasa ya sami raddi mai kauri a 2013 daga Alabi-Isama, wanda suka yi aiki a runduna guda. Ka ajiye su gefe da gefe, ka ƙara da na Madiebo daga ɓangaren Biyafara. Inda ukun suka haɗu, ka riƙe. Inda suka rabu, ka duba wa zancen ya wanke.

Littafin teku

Na sha jin mutanenmu na cewa mu da iyakar ruwanmu gulbin Rima da gadar Kwalkwalawa, me ya haɗa mu da labarin jiragen ruwa. Wannan ra'ayi ne da ban yarda da shi ba ko kaɗan. A shekarar da ake karon Alwasa, ranar 21 ga Oktoba, 1805, jiragen yaƙin Ingila 27 suka karya na Faransa da Sifen 33 a Tarafalga. Daga nan teku ta zama ta Ingila kusan shekara ɗari. Jiragen yaƙin Ingila ne suka yi wa Ikko luguden wuta a 1851, su suka buɗe wa 'yan kasuwarsu Kwara, kamfanin Neja ya sami izinin mulki a 1886, gwamnati ta karɓe daga hannunsa a 1900. Igwar da aka harba a Giginya ta teku ta zo. Kyaftin Clapperton ma, wanda ya sauka hannun Waziri Giɗaɗo a 1824, ya dawo a 1826, ya rasu a nan a watan Afrilu na 1827, hafsan sojan ruwa ne.

Yadda za ka karanta irin wannan littafi kana mutumin tudu shi ne ka ajiye taswira a buɗe kusa da kai, ka kuma yi haƙuri da shafuka hamsin na farko, inda sunayen sassan jirgi za su yi maka yawa. Ba sai ka haddace su ba. Abu uku za ka riƙa bi: iska, guzuri, da cuta. A zamanin jiragen da iska ke turawa, wanda iska ke bayansa shi ke zaɓen lokacin faɗa. Ruwan sha da abinci su ke yanke tsawon tafiya. Cuta kuwa ta kashe ma'aikatan jirgi fiye da harsashi. A 1841 Ingila ta turo jirage uku masu tafiya da tururi su hau Kwara, zazzaɓi ya kashe kusan sulusin Turawan da ke ciki, suka juya. A 1854 likitan sojan ruwa Baikie ya hau Kwara da Binuwai da jirgi guda, yana ɗura wa mutanensa kwinin kullum, ya dawo ba a rasa ko mutum ɗaya ba. Marubucin da ya ba ka jarumtakar kyaftin ya manta da ƙwayar maganin nan bai ba ka labarin ba.

A nan ra'ayin masu karatu ya fi zamewa, domin ba mu da tsohon matuƙin jirgi a majalisa da zai ce a kawo taswira. Misalin da ke yawo tsakanin matasa shi ne na sarkin Mali da aka ce ya tsallaka teku ya isa Amurka kafin Kolumbus. Tushen zancen guda ne: abin da marubucin Larabawa al-Umari ya rubuta daga bakin waɗanda suka zauna da Mansa Musa a Alƙahira lokacin hajjinsa na 1324. Abin da ke ciki shi ne sarkin da ya gabaci Mansa Musa ya tura jirage 200, ɗaya ya dawo, sannan ya shirya 2000 ya tafi da kansa, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Iyakar ruwayar ke nan. Isa Amurka ƙarin marubutan baya ne. Littafin kirki zai nuna maka inda ruwaya ta tsaya da inda hasashe ya fara. Mai karatun da ya ce maka "an tabbatar", ka tambaye shi wa ya tabbatar.

Littafin rayuwar mutum

Tambayoyi uku sun wadatar. Wa ya rubuta? Mai labarin yana raye lokacin? Wa ya buɗe wa marubucin akwatin takardu? Wanda iyali suka ba takardu suka kuma shirya masa walimar ƙaddamarwa da wuya ya rubuta abin da zai hana shi shiga gidan gobe. Ba laifi ba ne, amma ka sani.

Ka kuma gane irin littafin da ke hannunka. Raudul Jinani na Waziri Giɗaɗo littafin karamomin Shehu ne da sunayen jama'arsa, an rubuta shi don ƙarfafa zukata, kuma taska ne ga mai son sanin su wa ke tare da Shehu tun Ɗegel. Wanda ya kushe shi don bai yi kama da kundin digiri ba ya nemi abin da ba a yi alkawarin ba shi ba. Haka wanda ya kushe littafin Murray Last na 1967 a kan daular Sakkwato don babu karama a ciki. Last ya zauna a garin nan, ya yi karatu a gaban Waziri Junaidu, ya gina aikinsa a kan takardun Larabci na gidan Waziri. Wannan ne ƙarfinsa, kuma shi ya sa za ka ga daular ta tagar gidan Waziri. Jean Boyd kuma, da littafinta na 1989 a kan Nana Asma'u, ta buɗe wata tagar da mazan marubuta suka daɗe suna wucewa ta gabanta, ta 'yan taru, matan da ke zuwa ɗaukar karatu wurinta, da jajis ɗinsu, wato shugabanninsu.

Sannan ka nemi babin da ya fi wa mai labarin wuya. Sardauna ya fitar da tarihin rayuwarsa a 1962 yana kan kujerar Firimiya, shekara huɗu kafin 15 ga Janairu, 1966. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma mai mulki da ke da zaɓe a gabansa ba ya faɗin komai. In ka ɗauki nasa ko babban littafin John Paden na 1986, ka je kai tsaye wajen neman sarautar 1938 da Sarkin Musulmi Abubakar na uku ya samu, da shari'ar kuɗin jangali ta 1943 da aka ɗaure shi a kanta kafin ya ɗaukaka ƙara a Zariya a wanke shi, da yadda aka yi da 'yan NEPU. Ka ga wa ya faɗi abin dalla-dalla, wa ya shafa masa mai ya wuce.

Baƙo ma yana da amfaninsa, ko da ya zo da raini. Clapperton ya bi rundunar Bello zuwa Ƙonya, garin Gobirawa, a 1826, ya rubuta labarin harin da izgili irin na sojan da ya saba da igwa. Amma a cikin izgilin ya adana mana abin da marubutan gida ba su ga ya isa rubutawa ba: wata tsohuwa Bazamfara, baiwar Sarkin Musulmi, a kan doki, ta rataya gorunan ruwa, tana kutsawa cikin mayaƙa tana shayar da masu rauni da masu ƙishi. Hukuncinsa a kan yaƙin ka iya watsar da shi. Tsohuwar nan kuwa ka riƙe ta.

In kai ne za ka ba da ra'ayi

Wata rana kai za a tambaya. Ka fara da faɗin wane bugu ka karanta, kuma da wane harshe. Wanda ya karanta Infaƙu da Larabci da wanda ya karanta juyin da Razdan Arnett ya yi a 1922 ba abu guda suka karanta ba, domin na Arnett taƙaitawa ce da sakin zance a wurare da dama. In fotokwafi ne, ka faɗa. Da yawa daga kwafin da ke yawo hannun ɗalibai an yar da taswirorinsu da bayanan ƙarshen littafi don a rage kuɗin takarda, wato an yanke daidai wurin da marubucin ya ajiye shaidunsa. Na taɓa karɓar irin wannan daga hannun wani ɗalibi da ke zargin marubuci da rashin kawo hujja. Muka juya ƙarshe tare, sai ga shafi na ƙarshe ya tsaya a tsakiyar jimla, lambobin nan ƙanana da ke saman kalmomi kuwa ba su da inda suke komawa.

Ka lura da kwanan wata kafin ka ce an yi kuskure. Marubutanmu da hijiriyya suka yi lissafi: hijirar Shehu zuwa Gudu a 1218, rasuwarsa a 1232. Wajen mayar da su 1804 da 1817 akan sami saɓanin kwana ɗaya ko biyu tsakanin littattafai, kuma wannan bai isa a kira mutum maƙaryaci ba.

Sannan ka gwada abu guda da kanka, ko da ƙarami ne. Mu a nan mun yi sa'a, abin kusa yake. Gidan tarihi na Waziri Junaidu yana cikin gari da takardunsa da kayan yaƙinsa, ɗakin karatu na Abdullahi Fodiyo yana jami'a, Wurno da Ɗegel da Sifawa duk tafiyar yini ce ka je ka dawo. Ka zaɓi zance ɗaya daga littafin, nisan wani gari da wani, ko sunan wani mai tuta, ko shekarar wata wasiƙa, ka bi shi har tushe. In za ka yi magana a majalisa, sai ka ce babi kaza na duba shi da kaina ya tsaya, babi kaza kuma da Infaƙu kaɗai ya dogara, babin Satiru ya yi gajarta. Wanda ya tambaye ka zai san shafin da zai fara buɗewa da kuma littafi na biyu da zai nema ya haɗa da shi.